Babban wa uba ne, amma injin casa bai san wannan ba

Jiya da la'asar na ga kwaɗo a ƙofar injin casar marigayi Baffa, wallahi har yanzu raina bai daina ƙuna ba. Kun san labarin: bayan rasuwarsa dangi suka damƙa wa babban wa, wato Yayanmu dillalin shanu, wannan injin casar shinkafa, suka bar ƙaninsa. Injin da ya daɗe yana ciyar da gidaje, kaka biyu kacal bayan rasuwar mai shi ya tsaya cak.

Tun daren jiya nake jin ana cewa tsadar gas ce. Masu inji a Kura da Bunkure a wace ƙasa suke sayen nasu gas ɗin? Su ga su nan suna casa har dare. Abin da ya kashe injin nan guda ɗaya ne: an ɗora mutum a kan abin da ba nasa ba, shi kuma ya karɓa.

Kada wani ya ce na raina Yayanmu. Ku je karar Wudil, kasuwar shanu, ranar Juma'a ku gan shi. Zai shafa bayan bijimi, ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya faɗa maka kuɗinsa, kuma a nan cinikin zai faɗa. Fulani kan bar masa dabba su tafi, don sun san ko sisi ba zai ci ba bayan la'adarsa. Bakinsa kuwa, ko mai saye da mai sayarwa sun kusa dambe, sai ya sa sun rabu suna dariya. Wannan baiwa ce Allah Ya ba shi, ba kowa ke da ita ba. Amma miƙa masa littafin bashi ka gani. Bai san buhun shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, nawa ya shigo ba, bai san nawa ya fita ba, kuma kunya ba ta barinsa ya ce wa mutum kawo kuɗi. Halin da ya sa ake son sa a kara, shi ya cinye jarin inji.

Ƙaninsa fa? Yaron da tun yana firamare yake zaune a gefen Baffa. Daga ƙarar inji yake gane bel ya kusa tsinkewa. Ya damƙi shinkafa a hannu ya ce wa mai ita ta koma ta ƙara shanya ta, in ba haka ba za ta kakkarye. Da aka zauna bayan sadakar arba'in, wa ya tuna da wannan? Sai aka ce babban wa uba. To, uba ne a gida, na yarda, a gaishe shi a durƙushe. Sana'a kuwa wanda ya iya ta take bi.

Za ku ce ai komai ana koyo. Ana koyo, amma da jarin marayu za a yi koyon? Za ku ce arziki na Allah ne. Haka ne, kuma Allahn da Ya raba arziki Shi Ya raba baiwa. Abu Zarr, Allah Ya yarda da shi, da duk gaskiyarsa da tsoron Allahnsa, ya nemi a ba shi shugabanci, Manzon Allah (SAW) ya ce masa shi mai rauni ne, ita kuwa amana ce. Ba a rage masa daraja ba. Mu ne muke ganin in an ce wa mutum wannan ba fanninka ba ne an zage shi.

Alhassan Dantata, ɗan Bebeji nan kusa da mu, da fataucin goro zuwa Gonja, a ƙasar Ghana ta yanzu, ya fara. Da jirgin ƙasa ya iso Kano aka shiga cinikin gyaɗa, abin da ya riga ya iya shi ya ɗora a kai: sanin hanya, sanin mutane, da yaran da yake ba kuɗi su shiga ƙauyuka su sayo. Har ya rasu a 1955 a kan saye da sayarwa yake. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Yaya, in wannan ya iso gare ka, don Allah kada ka ji haushina. Ban taɓa ganin wanda ya kai ka a kara ba. Da ka ce wa dangi ku bar wa yaron nan inji, ni zan nemo masa masu kawo shanshera, da babu wanda zai ja da kai, kuma da ka fi kowa girma a ranar. Har yanzu ba a makara ba, injin bai lalace ba, kwaɗo ne kawai. Matan da ke turara shinkafa su suka fi ba ni tausayi, yanzu sai sun biya kuɗin mota zuwa Kura, ribar ta ƙare a hanya.

Af, wanda ya ɗauke sikelin da ke bakin ƙofa ranar da aka rufe, an gan ka. Na marayu ne. Ka maido shi cikin dare ka ajiye a zaure, babu wanda zai tambaye ka.