Nasiha Daga Damagaram: Kada a Haɗa Mai Laifi da Mara Laifi

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu, ƴan'uwana maza da mata.

Ranar Juma'a 21 ga Maris 2025, cikin watan azumi, mutanen Fambita da ke yankin Kokoru a jihar Tilaberi ta ƙasar Nijar suna masallaci aka kewaye su da bindigogi, aka kashe mutum 44, aka sa wa kasuwa da gidaje wuta. Masu azumi ne, sun yi alwala sun fito sallar Juma'a. Waɗanda suka kashe su kuma da sunan addini suke yawo. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Duk wanda har yanzu yake kokwanto a kan waɗannan mutane, to ya tsaya a nan ya duba. Allah ya ce a Suratun Nisa'i, wanda ya kashe mumini da gangan sakamakonsa Jahannama, kuma Allah ya yi fushi da shi, ya la'ance shi. Babu tawilin da zai wanke wannan jini.

Saboda haka yaƙarsu wajibi ne a kan hukuma, kuma sojan da ya kwana a daji don mu kwana a gida yana da haƙƙi a kanmu. Ba mu manta da sojoji 71 ɗin da suka faɗi a Inates cikin Disamba 2019 ba, da 89 na Shinagodar bayan wata guda. Ƴaƴan talakawa ne, da yawansu sun bar mata da ƙananan yara. Manzon Allah (SAW) ya yi bushara cewa wuta ba za ta taɓa idon da ya kwana yana gadi saboda Allah ba. Ina roƙon Allah ya sa su cikin wannan bushara.

Amma akwai maganar da ta fi wannan nauyi a baki, ita ce dalilin rubutun nan. Allah ya ce a Suratul Ma'ida: "Kada ƙiyayyar wasu mutane ta sa ku ƙi yin adalci. Ku yi adalci, shi ya fi kusa da taƙawa." A kan abokan gaba aka yi wannan umarni, lokacin da zuciya ke tafasa. Hukuncin ya hau kan mai mulki, ya hau kan malami, ya hau kanmu mu da muke zaune a fada muna shan shayi.

Musulmi ba yau suka fara ganin irin wannan fitina ba. A zamanin Sayyidina Aliyu (RA) wasu mutane da ake kira Khawarijawa suka ware, masu yawan sallah da karatun Alƙur'ani, suka kafirta shi, suka kafirta sauran sahabbai, suna ta faɗin babu hukunci sai na Allah. Ya ce kalmar gaskiya ce aka nufi ɓarna da ita. To me ya yi musu, alhali mulki da runduna suna hannunsa? Da farko malami ya tura musu. Abdullahi ɗan Abbas ya je har inda suka taru a Harura, ya zauna, ya saurari hujjojinsu ɗaya bayan ɗaya, ya warware su da Alƙur'anin da suke karantawa, dubbai daga cikinsu suka dawo. Waɗanda suka ƙi dawowa kuma, Aliyu ya gaya musu ba zai hana su masallaci ba, ba zai hana su rabonsu na dukiyar jama'a ba matuƙar suna tare da musulmi, kuma ba shi zai fara yaƙarsu ba. Mutanen da ke kiransa kafiri ke nan fa.

Sai da suka tare hanya, suka yanka Abdullahi ɗan Khabbab, suka kashe matarsa da ciki, sannan ya fita. Ko a nan ma, da ya isa Nahrawan, cewa ya yi a miƙo masa waɗanda suka yi kisan. Suka ce dukkansu ne suka yi. Duk da haka ya sa Abu Ayyub al-Ansari ya kafa tutar aminci, aka yi shela cewa wanda ya zo ƙarƙashinta ko ya juya ya koma gida ya tsira, kuma da yawa suka juya. Sauran ya yaƙe su yaƙi mai tsanani, bai sassauta ba. Da ƙura ta lafa, masu rauni ya miƙa su ga danginsu su yi jinyarsu. Bai ƙona garuruwan da suka fito ba, bai kama iyayensu ba. Hujja ya fara gabatarwa, takobi kuma ya tsaya a kan wanda ya zubar da jini.

Yanzu mu dawo gida. Ranar 6 ga Fabrairu 2015 Boko Haram ta kai hari Bosso da Difa, mutanen Damagaram kuma sun ga motoci cike da mata da yara da tabarmi da tukwane suna shigowa daga gabas. Gwamnatin lokacin ta kafa dokar ta-ɓaci a jihar Difa. Aka hana hawan babur, aka hana kamun kifi a tafkin Cadi da cinikin banda, aka hana fataucin tattasai, aka tsananta kan takin zamani da man fetur. Hujjar hukuma ita ce ƴan ta'adda na karɓar haraji a kan kifi da tattasai, kuma a kan babur suke kai hari. Gaskiya ne, suna yi. Sai dai ku dubi manomin bakin Komadugu. Ya yi wata da watanni yana ban-ruwa, ya tsinke tattasai, ya shanya shi har fili ya yi jajir, ya ɗura a buhu, bashin iri da na mai na wuyansa, sai aka ce buhun nan ba zai motsa ba. Ku dubi ɗan kabu-kabu da ya jingine babur a zaure, uwarsa na jiran kuɗin cefane. Bayan harin da Boko Haram ta kai tsibirin Karamga cikin Afrilu 2015 aka ba mutanen tsibiran tafkin ƴan kwanaki su tashi, dubbai suka tako da ƙafa zuwa Gigimi cikin zafin bazara, wasu ba su isa ba. Sai a 2017 aka sake cinikin tattasai, kamun kifi kuma sai 2019.

Ba ina cewa masu wannan shawara mugaye ba ne, suna cikin tsaka mai wuya. Amma saurayin da aka raba da sana'arsa ba tare da an ba shi wata ba, wa ya fi saurin samunsa? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƴan ta'adda sun san da haka, shi ya sa suke zuwa da alkawarin babur da jari da kuɗin aure.

Wanda ya fi wannan muni shi ne kisa ba shari'a. A Maiduguri cikin Yuli 2009 an kama Muhammad Yusuf, shugaban Boko Haram, da ransa, aka kashe shi a hannun ƴan sanda ba a kai shi gaban alƙali ba. Aka ɗauka magana ta ƙare, ashe a nan ta fara, wutar da ta tashi har ta ci Difa. A nan ƙasarmu ma, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa ta fitar da rahoto cikin 2020 a kan fararen hula da suka ɓace a yankin Inates, ta ce ta gano gawa 71 a ramuka, ta kuma ɗora alhakin a kan wasu masu kaki. Na san wannan magana ba ta da daɗin ji, musamman ga wanda ɗansa ke bakin daga. Amma Usama ɗan Zaid masoyin Annabi ne, ɗan masoyinsa, a tsakiyar yaƙi ya kashe mutumin da ya furta kalmar shahada yana zaton tsoron takobi ne ya sa shi, Annabi (SAW) bai rufe masa ba. Ya ce: "Ka tsaga zuciyarsa ne?" Ya yi ta maimaitawa. Soja nagari ba ya ƙin bincike, domin bincike ne ke raba shi da ɓata-gari. Kuma rawani ko doguwar riga ko yaren mutum ba shaida ba ne. Bafillace da Babarbare da Buzu su ma ana kashe su, ana kore musu dabbobi. Allah ya ce wani rai ba ya ɗaukar nauyin laifin wani.

In an yi daidai kuma a faɗa. A ƙarshen 2016 hukuma ta buɗe ƙofar tuba ga waɗanda suka ajiye makami, aka tara su a Gudumariya, malamai suka karantar da su, aka koya musu sana'a, rukunin farko ya fito a Disamba 2019. Wannan ya yi kama da tutar Abu Ayyub. Abin da ke ci wa mutane rai shi ne su ga an ba tubabbe keken ɗinki alhali matar da ya mayar gwauruwa tana zaune a bukkar leda bakin titi. Wannan kuka gaskiya ne. Tuba tsakanin bawa da Allah ba ta share haƙƙin mutane, don haka a ci gaba da buɗe ƙofar, amma a fara share hawayen wadda aka zalunta.

Akwai masu cewa tunda da sunan addini ake ɓarnar, a mayar da addini cikin masallaci a rufe, kada ya sa baki a al'amuran jama'a. A gari irin Damagaram, inda ba a raɗin suna, ba a ɗaurin aure, ba a rabon gado, ba a sulhu tsakanin manomi da makiyayi sai da liman, wannan ba mai yiwuwa ba ne, kuma ba magani ba ne. Wanda aka ɓatar da aya, da aya ake dawo da shi, jandarma ba zai iya wannan aiki ba. Ƴan ta'adda sun fi kowa sanin haka. Malam Ja'afar Mahmud Adam, wanda ya fito fili ya yi wa aƙidarsu raddi, an harbe shi yana limancin sallar asuba a Kano cikin 2007. Malam Albani Zariya, shi ma mai yi musu raddi, an kashe shi a 2014.

Hukuma na da haƙƙin sa ido a kan wa'azin da ke halasta jini da kuɗin da ke shigowa ba a san tushensu ba. Sai dai a yi da shawara. A Yuni 2019, lokacin dokar tsara harkokin ibada, bayani bai isa ga jama'a da harshensu ba, jita-jita ta riga shi. Aka kama wani limami a Maraɗi, gari ya hargitse, aka ƙona coci. Ranku ya daɗe masu mulki, ku kira malamai tun ana rubuta doka, ku fassara ta da Hausa da Zabarmanci da Barbarci da Fillanci da sauran harsunanmu, a karanta a rediyo. Kada a tuna da malamai sai ranar da ake son addu'a ko taron goyon baya.

Allah ya gafarta malamai, ku kuma amanarku ta fi ta kowa nauyi. Annabi (SAW) ya ce addini nasiha ne, ya ambaci shugabannin musulmi da talakawansu. Malamin da ke yabon duk wanda ya hau kujera, jiya wancan yau wannan, ranar da zai ce wa matasa ta'addanci haramun ne ba za su saurare shi ba, za su ce bakin gwamnati ne. Wanda kuma ya mai da mumbari wurin kafirta ɗan ɗarika ko ɗan Izala, ya sani cewa da kafirtawa Khawarijawa suka fara kafin su zare takobi.

Mu ma jama'ar gari akwai namu. Ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015, bayan an sauko daga masallaci, fushin zanen ɓatancin da wata jarida ta yi a Faransa ya ɓarke a garin nan. Fushin yana da dalili, babu musulmin da zai ji daɗin a taɓa Annabinsa. Amma coci-cocin da aka ƙona na waye? Shagunan da aka fasa na waye? Na maƙwabta ne da muke cin kasuwa ɗaya da su a Kasuwar Dole, waɗanda ba su zana komai ba, wasunsu ba su taɓa ganin jaridar ba. An rasa rayuka a nan, washegari aka rasa a Yamai. Allah da kansa ya ambaci coci-coci tare da masallatai a Suratul Hajji cikin wuraren da ba ya son a rushe. Abin da muke kuka da shi idan hukuma ta yi wa ƙauye kuɗin goro, shi aka yi a titunanmu ranar nan. A ranar kuma akwai musulmin da suka buɗe ƙofofinsu suka ɓoye maƙwabtansu Kirista, Allah ya saka musu da alheri.

Ƙannena matasa, waya na hannunku dare da rana. Murya za ta shigo WhatsApp, ba suna ba gari, tana cewa ƙabila kaza ce ke kai wa ƴan ta'adda abinci, ko a turo hoton gawarwaki na wata ƙasa a ce jiya ne a nan. Kafin yatsa ya taɓa turawa, ku tuna ayar Hujurat: idan fasiƙi ya zo muku da labari ku bincika, kada ku cuci mutane cikin jahilci ku wayi gari kuna nadama. Wanda kuma ya ga abokinsa ya fara janye jiki, ya daina bin limamin unguwa, yana kiran iyayensa mushirikai, kada ya yi shiru kuma kada ya tona shi a fada. Ya kai maganar ga mahaifinsa da malamin da yaron ke jin nauyi tun abin bai yi nisa ba. Idan har an ga makami ko shirin cutar da mutane, to wannan na hukuma ne, a sanar da ita ba jinkiri, ɓoye shi cin amanar gari ne.

Allah ya jiƙan mutanen Fambita da sojojinmu da duk wanda aka kashe ba haƙƙi. Allah ya mayar da ƴan gudun hijirar Difa da Tilaberi gidajensu lafiya, ya ba shugabanninmu mashawarta masu gaya musu gaskiya. Amin.