Ba a jikin itatuwa kaɗai kabon yake ba

Da yawa suna ɗauka cewa daji mai manyan itatuwa ne kaɗai ke ajiye kabon, wato sinadarin da tsirrai ke zuƙa daga iska su gina jikinsu da shi, filin ciyawa kuwa fanko ne. Ba haka abin yake ba. Kabon da ke cikin ƙasa ya fi na sararin sama da na dukkan tsirrai a haɗe. Ciyawa ma a ƙarƙashin ƙasa take tara nata, ta hanyar saiwoyi, shi ya sa ko gobara ta cinye saman, yawancinsa yana nan.

Irin ƙasar ma yana da tasiri sosai. Ƙasa mai yumɓu tana manne wa ruɓaɓɓen ganye da saiwa, ƙananan ƙwayoyin halitta su kasa kai gare su da sauri. A rairayi kuwa iska tana shiga ko'ina, sai su cinye shi nan da nan, kabon ya koma sama. Yawan huɗa ma haka yake yi.

Dausayin da ruɓaɓɓun tsirrai suka taru cikinsa kusan kashi 3 zuwa 4 cikin 100 ne kawai na doron ƙasa, amma ya fi itatuwan dazuzzukan duniya riƙe kabon. A tsane ruwansa don dasa itatuwa, asara ce, domin iska za ta shiga, kabon ya koma sama.