Yadda na yi dashen rogo a cikin ruwan gishiri

Zaman arewacin Ingila ne ya jefa ni kiwon murjani, wato halittar nan ta teku mai rai da ke girma a jikin dutse, domin mutumin da ya tashi yana dama wa tumaki dusa ba ya iya zama babu wani abu mai rai da zai yi wa hidima, kuma mai gidan da nake haya ba zai yarda a ɗaure rago a bayan ɗaki ba. Saboda haka na sayi tankin gilashi mai cin lita 200, na koyi haɗa ruwan teku da giram 35 na gishiri a kowace lita, na daidaita ɗuminsa a kan digiri 25, sannan na zuba kifaye biyu masu ruwan lemo da farar ɗamara. Wata shida komai yana tafiya lami lafiya, har na fara ba mutane shawara ba tare da sun tambaye ni ba.

Wata Asabar na sayo ɗan dutse mai ɗauke da koren murjani, kuma bayan kwana uku sai na hango wata halitta a gefensa, siririya mai ruwan ƙasa, tana da kara da gashi a kai kamar ƙaramar bishiyar dabino, haske yana ratsa jikinta. Nan take na yanke hukuncin cewa gyara ce mai shago ya yi mini. Na kira uwargida da yara suka gani, na yi musu bayani a kan albarkar ciniki da mutumin kirki, sannan na riƙa ɗaukar ɗan tsinken nama da hantsaki ina sa mata a baki kowace yamma, tana naɗe shi da hannuwanta cikin ladabi.

Da na nuna wa mai shagon hotonta domin in yi godiya, sai ya dafe kai. Ya ce sunanta Aiptasia, dangin furen teku ce, wato dabbar ruwa mai kama da fure, da masu wannan kiwo suka tsana fiye da komai, kuma maƙalewa take yi a jikin dutse ta shigo gida kamar yadda ƙarangiya ke bin ƙafar wando. Hannuwan nata suna da harbi, shi ya sa koren murjanin da ke maƙwabtaka da ita ya tsuke ya daina buɗewa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne cewa akwai wasu ƙananan tsirrai a cikin naman jikinta da ke sarrafa mata abinci daga haske, wato fitilar nan mai tsada da na saya domin murjani ita ma hidimarta take yi, ban da naman da nake kai mata har baki.

Na dawo gida a fusace, ban tsaya jin ƙarshen bayaninsa ba. Na ɗauki tsohon buroshin haƙori na nufe ta, amma kafin in kai gare ta sai ta shige cikin ramin dutse kamar gafiya, don haka na dirje wurin da iyakar ƙarfina har ruwan ya yi duhu, na wanke hannu ina jin kaina kamar wanda ya dawo daga yaƙi. Bayan mako biyu na ƙirga goma sha huɗu. Ashe kowane ɓalli da ya rabu da gindinta yana iya zama sabuwar halitta cikakkiya, kuma famfon da ke juya ruwa ya raba ɓallin nan ko'ina, har bayan duwatsun da hannu ba ya kaiwa. Na yi nufin kisa, sai ga shi dashen rogo na yi, an sare kara an bi kunya ana cusawa.

Daga nan na koma ga allura. An ce a ɗura ruwan lemon tsami a sirinji a tsira mata a jiki, amma wanda ya ba da wannan shawara bai faɗi cewa sai mutum ya tsoma hannu har hammata ba, yana lallaɓawa kamar mai kamun fara, yayin da macen kifin nan, wadda na ciyar wata shida, take cizon bayan hannunsa domin ya kusanci wurin kwananta. Cikin goma na sami uku, biyu daga cikinsu kuma suka sake leƙowa bayan kwana huɗu. Uwargida ta buɗe firji za ta haɗa kunun zaƙi ta tarar babu lemo ko ɗaya, sai ta ce, “Maigida, ciyawar taka mura take yi ne?” Ban amsa ba. Sai na gwada kwaɓin wani farin gari mai kama da farar ƙasa, wanda Jamusawa suka sa wa ruwansa suna kalkwasa, ana lafta shi a bakinta ta haɗiye ya ƙone ta. Sharaɗinsa shi ne a kashe famfo tukuna, ni kuwa na manta, sai kwaɓin ya tashi kamar hazo ya sauka a kan koren murjanin da nake ƙoƙarin ceto, ya bar masa tabo fari fat.

Da na ga hannuna ba shi da sa'a, sai na ɗauki sojan haya. Na sayo jatan lande uku masu jan zane, irin na tekun gabashin Amurka, waɗanda aka san su da cin wannan annoba. Sun ci ƙananan guda biyu a daren farko domin su nuna sun kama aiki, daga nan suka gano lokacin da nake zuba wa kifi abinci, suka koma jiran albashi. Sai aka ba ni labarin Berghia, wani ɗan dodon koɗi marar kwanso wanda ba ya cin komai a duniya sai Aiptasia. Na yi odar biyar, suka iso a cikin kwalba, kowanne bai fi ƙwayar shinkafa biyu ba, da kuɗin da na ɓoye wa uwargida rasidinsa. Na sake su da dare kamar yadda aka umarta, ina tsaye da tocila na ga ɗaya daga cikin sojojin nawa ya fito daga ƙarƙashin dutse, ya ɗauki na farko da hannu biyu ya kai baki. Babu wanda ya gaya mini cewa jatan landen nan suna cin su, ko kuwa an gaya mini a cikin sashen bayanin da ban tsaya ji ba.

Fitar da jatan landen ya ci mako guda. Na yanke gorar ruwa na kifa bakinta ciki na sa nama, tarkon ya kama macen kifin sau biyu kafin ya kama ko ɗaya daga cikin masu laifin. Bayan an sallame su na sake yin odar Berghia, kuma da yake da dare kawai suke fitowa, na shafe makonni ina tashi ƙarfe biyu ina leƙen duwatsu da jar fitila, har wani dare uwargida ta fito riƙe da muciya tana zaton ɓarawo ne. A wata na uku dai na zagaya tankin ta kowace fuska ban ga ko ɗaya daga cikin dabinon nan ba, sai 'yan dodon koɗina da suka yi ƙiba suka hayayyafa, suna zuba fararen ƙwai a murɗe a jikin gilashi.

Murnar ba ta kwana biyu ba ƙaramar 'yata ta tambaye ni, “Baba, to yanzu me za su ci?” Ta yi gaskiya, domin idan abincinsu ya ƙare yunwa ce ke kashe su, kuma ta riga ta raɗa wa shida daga cikinsu suna. Ranar Asabar na koma shagon, na jira sauran masu ciniki suka fita, sannan na tambayi mutumin a hankali ko yana da dutsen da annobar ta kama. Ya dube ni na ɗan lokaci, ya shiga ciki ya fito da guda biyu a leda, ya ce ba sai na biya ba, gyara ce. Yanzu suna cikin wata babbar kwalba a tagar kicin, kusa da gwangwanin daddawa, kuma kowace yamma ina ɗaukar hantsaki in sa musu nama a baki, ranar Lahadi kuma in dirje su da buroshi domin su yi yawa.