Wanda ya ci riba da wanda ya ci uwar kuɗi

Duk lokacin da wani ɗan kasuwa ya karye a Maraɗi, bayani biyu ne ke fara yawo a bakin mutane: ko a ce ba rabonsa ba ne, ko a ce hannu aka sa masa. Babu musulmin da ke musun ƙaddara, amma mun daɗe muna fakewa da ita don kada mu dubi halayen da ke ɗaga wani su kuma kayar da wani, alhali layinsu ɗaya a kasuwa, hajarsu ma iri ɗaya.

Da Najeriya ta rufe iyakokinta a watan Agustan 2019 har zuwa Disamban 2020, da kuma takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya ta toshe wa kowa, babba da ƙarami. Masifar ba ta zaɓi mutum ba, sai dai da ƙura ta lafa wasu sun sake buɗe shago, wasu kuwa har yau suna zaune a inuwa suna ba da labarin arzikin da. A ganina babban abin da ya raba su shi ne sanin bambancin uwar kuɗi da riba.

Ku dubi mai shagon da ke zama bayan isha'i da ɗan littafinsa, ya ƙirga cinikin ranar, ya rubuta wanda ya ɗauki buhun shinkafa bashi, ya ware na cefane, sauran ya mayar cikin jari ko da jaka biyu ce. Maƙwabcinsa kuwa akwatin ciniki shi ne aljihunsa: suna ya zo ya sa hannu, biki ya zo ya sa hannu, an fito da sabon babur ya sa hannu, kuma saboda kanta cike take da kaya yana ganin lafiya lau yake, bai san rabin kayan na mutane ba ne. Irin wannan tun kafin a rufe iyaka ya karye, rufewar tona shi kawai ta yi.

Sai amana. Da yawa daga cikin alhazan garin nan a yaran gida suka fara, maigida ya aike su Kano ko Katsina da dukiya, suka dawo da lissafi cikakke shekara da shekaru kafin a sallame su da jari. Abin da ya fi damuna da matasanmu shi ne gaggawa, da kuma gudun mai bin bashi. Wanda ya taka da ƙafarsa ya je ya ce wa mai kaya, "Alhaji, ban samu cikawa ba, a ƙara mini sati biyu," gobe ma za a ba shi kaya. Wanda ya kashe waya kuwa ya rufe wa kansa ƙofa.

A gona ma haka abin yake. Manoman jihar nan da suka fara barin tohon kututture a lokacin sassabe a shekarun 1980 an yi musu dariya, an kira su ragwaye masu ƙazamar gona, amma su ne daga baya suka samu itacen girki, da abincin dabbobi, da ƙasar da iska ba ta kwashe ba.

Ba na cewa duk wanda ya faɗi shi ya ja wa kansa. Mutumin Madarunfa ko Gidan Runji da ɓarayin daji suka kore wa shanu, ko ya sayar da gona don fanso ɗansa, taimako yake buƙata, kuma zalunci ne a yi masa wa'azin tattali. Maganata da masu lafiya da jari a hannu nake yi, musamman iyayen gida: yaron da kuka koya wa awo da ciniki, ku zaunar da shi ku koya masa rubuta shiga da fita tun kafin ku danƙa masa mabuɗin shago.