A gyara hanyar ƙorafi kafin a tsaurara hukunci

Na karanta labarin dokar da ta ce ɗalibin da aka samu ya yi amfani da ƙirƙirarriyar basira a darasin koyon rubutu za a ba shi sifili, kuma in yana da ƙorafi ya fara kai wa malamin darasin. Hanin bai dame ni ba, domin wanda manhajar ƙirƙirarriyar basira irin ChatGPT ta rubuta masa muƙala bai koyi komai ba. Damuwata ita ce hujjar da za a kama shi da ita.

Manhajojin gano irin wannan rubutu ba abin dogaro ba ne. Kamfanin OpenAI, wanda ya ƙirƙiri ChatGPT, da kansa ya janye tasa a watan Yulin 2023 saboda yawan kuskurenta, jami'ar Vanderbilt ta Amurka kuma ta daina amfani da ta kamfanin Turnitin a watan Agustan shekarar. Wani bincike na masana a jami'ar Stanford ya nuna cewa manhajojin sun fi zargin waɗanda Turanci ba harshen uwarsu ba ne, saboda sauƙin kalmominsu, wanda kuwa shi ne halin yawancin ɗalibanmu.

Sannan malamin da ya yi zargi bai kamata ya zama alƙali ba. A kafa kwamiti daga wajen darasin, a ƙayyade kwanakin amsa ƙorafi, a bar ɗalibi ya kawo daftarinsa na farko da tarihin gyare-gyaren da manhajar rubutu ta Google Docs ke adanawa, a kuma zaunar da shi ya bayyana da bakinsa dalilin da ya sa ya tsara sakin layinsa haka.