Tsohon masaƙin da anka zana

Wani matashi nan Gusau ya zana masaƙi da fenti, an rataye a shagon tela, kowa ya shigo sai ya ɗauka a waya yana masha Allah al'adarmu. Ni ƙafafun tsohon ne sunka tsaida ni. Babban yatsa riƙe da igiyar allera, abin da ke ɗaga zaren saƙa yana sauke shi, ƙafa ɗaya sama ɗaya ƙasa, ƙoshiya mai ɗauke da zaren gicciye ta shiga tsakanin zare ba ta kai ga fita ba, can nesa ga kunkuru, itacen da anka ɗaure ƙarshen zare gare shi, da dutse bisanai yana jan zaren. Yaron nan ya zauna rumfar masaƙa da gaske, Allah shi yi mai albarka.

Amma jama'a mu gaya ma juna gaskiya, cikin masu yabon nan mutum nawa za su ba ɗan masaƙi ɗiyarsu? Da an ce saƙa yake sai a fara ai ba shi da aikin yi, a jira mai ofis ko da albashinai ba ya kai shi tsakiyar wata.

Kun san wahalar da ke cikin gwado guda kuwa? Tun daga mata ake farawa, a gurje auduga a fidda angurya, a shiɓe, tsohuwa ta zauna da mazari tana shafa alli a yatsa tana kaɗi har dare, sannan masaƙi ya karɓa ya saƙa ƙwarya siririya da faɗinta bai fi tafin hannu ba, sai an jera da yawa an ɗinke kafin ka samu abin rufa lokacin hunturu. Duk wannan ka zo kasuwa kana taya shi kamar tsumma, alhali shaddar waje ko nawa anka ce ba ka musu. Wallahi abin na ci mani rai.

Kuma ƙasar auduga ce fa tamu. A 1929 jirgin ƙasa ya iso Ƙaura Namoda ya riƙa kwasar auduga da gyaɗa, masaƙar Gusau ta ciyar da gidaje da yawa kafin ta tsaya. Malamai kullum suna karanta muna cewa Annabi Dawuda (AS) da aikin hannunsa yake ci, Shehu Ɗanfodiyo ma igiya yake tuƙawa.

Don Allah iyaye mata, in kuna haɗa kayan ɗakin amarya ku sa gwado ko luru guda na masaƙan garinku, kuma ku biya yadda sunka ce.