Su mashaya suka adana, mu ganuwa muke cinyewa

Makon jiya na sauke fasinja a can ƙasan Manhattan a birnin New York na Amurka, daidai inda titin Pearl ya haɗu da titin Broad, sai na ga 'yan makaranta sun yi layi a ƙofar wani gida na jan bulo da tagogi farare, ɗan ƙarami a tsakiyar dogayen benaye na gilashi. Na tambayi malamarsu, ta ce ai Fraunces Tavern ke nan. Mashaya fa! Na ce Malama, gidan giya kuke kawo yara? Ta ce in hau sama in gani. Na nemi wurin fakin da ƙyar na hau, kuma wallahi har yau abin bai bar raina ba.

Ƙasa ana sayar da abinci da abin shansu, ni babu ruwana da nan, amma sama gidan tarihi ne. Akwai wani dogon ɗaki mai daɓen katako da tebura da kujeru irin na da, da murhu a jikin bango, a nan ne ranar 4 ga Disamba 1783 George Washington, kwamandan sojojin Amurka wanda daga baya ya zama shugabanta na farko, ya yi sallama da hafsoshinsa bayan sun gama yaƙi da Ingila. Har silin gashin kansa suna ajiye da shi. A 1719 aka gina gidan don wani attajiri Stephen De Lancey, sai Samuel Fraunces ya saya a 1762 ya mai da shi mashaya tun Ingila na mulkin wurin. Kuma a nan Turawan Ingila suka zauna a 1783 suna tantance baƙaƙen fata da suka gudu daga bauta suka bi su, wa zai shiga jirgi ya tafi da 'yancinsa, wa za a mayar wa ubangidansa. Kusan mutum 3,000 aka rubuta sunayensu, da yawa aka kai su Nova Scotia da ke Kanada a yau, wasu daga can suka wuce Saliyo a 1792. Wannan ma ba su ɓoye ba, yana nan a rubuce yara na karantawa.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne, gidan nan ya sha gobara a shekarun 1800, aka yi ta canza masa kama, har a 1900 aka so rushe shi. Ba gwamnati ce ta saye shi ba, wata ƙungiya ce ta jikokin waɗanda suka yi yaƙin, Sons of the Revolution, ta saya a 1904 ta gyara aka buɗe a 1907. Masana ma suna cewa yawancin siffar da ake gani yanzu kintace ne na mai zanen, amma duk da haka sun riƙe abinsu, ko bam ɗin da aka tayar a ciki a 1975 da ya kashe mutum 4 bai sa an rufe shi har abada ba.

To mu fa? Ganuwar Kano da aka soma tun zamanin Sarki Gijimasu, ta girmi gidan nan da shekaru ɗaruruwa, kowa ya san yadda ta koma, an ɗebi ƙasa an yanka filoti an kafa shaguna. Ƙofar Na'isa a 2010 aka ture ta don faɗaɗa titi aka yi sabuwa. Na san za a ce ginin ƙasa ba bulo ba ne, yana son yaɓe duk bayan damina, kuma mai neman na tuwon dare ba ya ta tarihi. Gaskiya ne, kuma kar wani Bature ya zo ya yi mana gori tunda su suka fasa garin da igwa a 1903. Amma mutanen Agadas ba su fi mu kuɗi ba, hasumiyarsu ta ƙasa ce kuma tana tsaye saboda suna hawa suna yaɓe ta. Ba talauci ba ne kawai, raini ne, mun ɗauka duk abin da ba siminti ba ƙauyanci ne.

Shi ya sa maganar zauren gidanmu ta dawo mini sabuwa. 'Yan uwa sun dage a rushe a fitar da shaguna, wai haya ta fi amfani. Zauren da kakanmu ya gina da tubali da azara, inda aka ɗaura auren iyayenmu mata aka raɗa mana suna gaba ɗaya, da zafin bazara ka shiga ka ji sanyi ba fanka ba komai. Na kira Yaya Babba na ce masa Yaya, don girman Allah a dakata, a nemo magini na gargajiya tun kafin su ƙare, kuɗin makuba da na aiki duk ni zan turo, kuma abin da shagunan za su kawo a shekara a faɗa mini in ga ko zan iya cikawa. Ya ce zai tara su bayan sallar Juma'a su yi magana. Ni dai na riga na gaya masa, in ma sun rinjaye ni, kasona na gado ban yarda a sa masa diga ba.